Gwaggon Famfo da Irin Jan Dankali

Akwai laifin da ba a kai mutum kotu a kansa, amma duniya ba ta yafe shi. Sunansa babakere: mutum ya ga abin da jama'a ke rayuwa a kai, ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a bisa, ya ce daga yau sai ta hannunsa. Wanda ya yi wannan a unguwarmu yana nan da ransa, kuma za a ji abin da ya girba. Amma ba don shi aka ɗauki alƙalami ba. Don matar wansa aka ɗauka, wadda yara da manya ke kira Gwaggon Famfo, wadda a ƙarshen watan nan za ta miƙa mabuɗi ta koma gida saboda gwiwoyi sun ƙi. Mu mutane gwanayen yabon gawa ne. Gara a faɗa mata tun kunnenta yana ji.

Shekara ashirin da 'yan kai, kafin zakara ya gama gyaran murya Gwaggo ta fito da mabuɗi ƙulle a gefen mayafinta. Famfon na tuƙa-tuƙa ne, ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Ta kwance, ta share daɓen, ta kankare gansakuka da guntun ƙarfe don kada yaro ya zame, ta tuƙa ruwan farko mai tsatsa ta zubar. Sannan ta juya ga layi. Dokarta guda ce, ba ta taɓa sauyawa ba: mai ciki da tsohuwa ba sa jira, mai baki kuwa ko da ganga ta zo sai ta bi sahu. Wannan dokar ce ta haɗa ta da wata maƙwabciya da ake kira Barkono saboda zafin harshenta. Da wuya a wayi gari ba su yi ba.

"Gwaggo, jarkata ce ta uku, na ajiye tun ɗazu."

"Jarka ta zo tun ɗazu, mai jarka tana barci. Koma baya."

"Wata rana dai mabuɗin nan zai bar hannunki."

"Ranar ki zo da wuri."

A gindin bishiyar da ke kallon famfon ɗan Gwaggo na fari yake zama, makaho ne, yana saƙar kujeru da igiyar roba, ana ce masa Mai Kujera. Shi ke raba su da dariya. Yakan ce shi ba ya bukatar agogo, in ya ji Barkono ta tashi ya san hantsi ya yi.

Abin da baƙo ba ya lura da shi wata 'yar kwata ce da ta fita daga bakin daɓen ta bi gefe. Duk famfon duniya yana zubar da ruwa. Na ɗauraye jarka, na ambaliyar bokiti, na yaron da ya tara hannu ya sha. A wasu wuraren ruwan nan yakan zama taɓo da sauro. Gwaggo ta haƙa masa hanya da hannunta zuwa wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, ta kewaye shi da ƙaya. A cikin filin nan, rani da damina, akwai yaɗon dankali kore shar. Wannan ɗan filin shi ne aikin rayuwarta. Famfon sana'a ce kawai.

Don a gane dalili sai a koma ga Mai Kujera. Ba makaho aka haife shi ba. Yana ɗan ƙarami ya fara tuntuɓe da almuru. Rana na faɗuwa sai ya maƙale a jikin bango, a ajiye masa kwano a gabansa ya yi ta lalube. Dundumi ne, kowa ya san sunansa, ba wanda ya san mafarinsa. Aka ce zai wuce. Ƙyanda ta zo ta same shi a haka, da za ta tafi ta tafi da idanun duka biyu. Sai bayan shekaru wata malamar asibiti ta zaunar da Gwaggo ta gaya mata cewa akwai yunwar da ba ta kuka. Ciki ya cika, amma jiki na rashin wani sinadari da suke kira bitamin A, kuma rashinsa kan fara nunawa a ido, ya kuma bar yaro ba garkuwa in ƙyanda ko gudawa ta zo. Ta ce ana samunsa a hanta, da ƙwai, da madara.

Gwaggo ta ce, "Malama, ai abincin gidan masu hali kika lissafa."

Malamar ba ta yi musu ba. Ta ce shi ya sa ake ɗiga wa yara ƙwayar sinadarin a baki lokaci-lokaci, amma ɗigo baƙo ne, tukunya ce 'yar gida.

Maganar ta zauna wa Gwaggo a rai kamar ƙaya a tafin ƙafa. Saboda haka ranar da wani malamin gona ya zo da jiƙaƙƙen buhu cike da yaɗon dankali ya tara mutane a bakin famfo, ita ce ta fi kowa kasa kunne. Ya ɓare dankali guda ya ɗaga. Cikinsa ja ne kamar gwaiduwar ƙwai. Ya ce ba fenti ba ne, ba allura aka yi masa ba, dankali aka haɗa da ɗan'uwansa dankali har aka samu mai ɗauke da sinadarin nan da yawa. Ya ce guda madaidaici, a dafa a sa ɗan mai, ya wadatar da ƙaramin yaro a yini. Ba sabon abu za a koya wa tukunya ba, abincin da aka saba ne ya zo da guzuri. Ya raba wa kowa damƙi guda, ya hau babur. Bayan shekara aka yi masa canjin wurin aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dankali ba shi da ƙwayar da za a ƙulle a tsumma a rataye a rufin ɗaki. Irinsa yaɗonsa ne, yaɗo kuwa mai rai ne. Yana shan ruwa, yana jin rana, akuya na sonsa. In ya bushe da rani an yi sallama, sai dai a je neman wani. Damina ta farko kowa ya dasa, kowa ya haƙa, yara suka ci. Rani na shiga na kowa ya mutu. Da ruwa ya sake sauka, mutum guda ce ke da iri a unguwa kaf, ita ce mai 'yar kwata.

Maza ba su karɓe shi da daɗin rai ba. Sun saba da farin dankali mai gari, wanda ke shaƙe maƙogwaro har a nemi ruwa. Wannan kuwa laushi gare shi. Wanda ya fi kowa yi masa ba'a shi ne ƙanin marigayi mijinta, mai kiwon raguna yana sayarwa, ana ce masa Mai Raguna.

"Matar Yaya, wannan fa kabewa ce ta yi ɓatan kai ta shiga ƙasa. Abincin marasa haƙori."

"Marasa haƙorin nake nema, Baffan yara. Kai ka ci naka."

Mai Kujera ya ce, "Baffa, ni da ban ga launinsa ba na fi ku adalci. Baki na tambaya, ya ce a ƙaro."

Yara kuwa ba su jira fatawar kowa ba. Zaƙi suka ji, suka bi. Iyaye mata suka bi yara. Duk farkon damina sai ka ga mata a bakin ƙayar nan, Gwaggo na tsugune da 'yar wuƙa tana yanka. Ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba, amma kuma ba ta taɓa cewa kyauta ce ba. Kalmarta guda ce ga kowa.

"Ba ba ki na yi ba. Ajiya na ba ki. Dankalin da ke ƙasa naki ne da 'ya'yanki, ki ci ki sayar. Yaɗon da ke sama nawa ne. Ki raya shi da rani a bakin rariyar gidanki, ko a fasasshen bokiti. Ranar da na tashi nema zan zo."

Wasu na dariya, su ce wace irin ajiya ce mai ita ba ta taɓa zuwa karɓa ba. Takan ce rumbun da ke wuri guda gobara guda ke cinye shi.

Shaidu suna nan da ransu. Matar mai aski tana faɗa a gaban kowa cewa 'yarta a da rana na faɗuwa take barin wasa ta zo ta riƙe mata ƙafa, yanzu sai an ja ta da ƙarfi take shiga gida. Malamar asibiti, wadda ta tsufa ita ma, ta ce ita ba za ta ce dankali kaɗai ya yi aikin ba, don ɗigo na nan, rigakafin ƙyanda na nan, amma ta daɗe ba a kawo mata yaron unguwar famfo da busasshen ido ba. Mai dafa wa 'yan makaranta abinci ta ce ranar jan dankali ba ta wankin tukunya da wahala, yara sun gama mata.

Gwaggo, ke ce kika ga dukiya a ruwan da kowa ke tsallakewa. Ke ce wadda abin ya ci ɗanta, ba ta zauna tana zagin ƙaddara ba, ta tashi ta tare wa 'ya'yan wasu hanya. Inuwar bakin famfo, ba ki tambayi ɗan wa ne ba kafin ki rufe shi.

Sai dai idan zuma ta yi yawa a rami, ba ƙudan zuma kaɗai ke sani ba. Labarin jan dankali ya bazu. Masu manyan gonaki suka fara aiko mutane neman iri, da kuɗi a hannu. Mai Raguna, wanda ya ce kabewa ce, ya zauna ya yi tunani irin nasa. Filin da famfon ke kai na mahaifinsu ne, shi da marigayi. Wata safiya cikin rani Gwaggo ta zo ta tarar an cire ƙayarta, an kafa turaku, ana jan waya mai ƙaya, an sa ƙofar kwano da sabon kwaɗo.

"Baffan yara, lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Matar Yaya. Gyara nake miki. Shekara da shekaru kina rabon dukiyar gida kamar ruwan sama. Bana an yi ciniki da masu gona, da faɗuwar ruwa za su aiko mota. Ke ma za ki ga naki."

"Ni ban ce ina nema ba. Matan unguwa fa?"

"Mai so ta saya."

"Wadda ke iya saya ai tana iya sayen ƙwai. Ba dominta na dasa ba."

"Ƙasar dai ta ubana ce."

"Ƙasar taku ce. Ruwan na jama'a ne, yaɗon kuma ka san wanda ya raine shi."

"To ki ɗauke yaɗonki ki dasa a sama."

Ya jefa mabuɗi a aljihu. Gwaggo ba ta kai ƙara ko'ina ba. Tana ganin kunyar a ji ta da ƙanin miji a gaban hukuma, ga kuma abin da take taƙama da shi a zuci: ajiyarta na gidajen mutane. Ta ci gaba da gyara kwata, ruwa na bi ta ƙarƙashin waya yana shiga, don ba ta iya horon shuka da laifin mutum.

Abin da ba ta sani ba, shi ma ya yi wannan lissafin. Ba wanda zai sayi abin da ke bayan ɗakin kowa. Sai ya ɓullo ta hanyar da ba a zarge shi ba. Rani ne, ɗanyen ganye ya yi wuya, ga shi mai raguna. Ya riƙa bi gida-gida yana sayen yaɗon dankali, wai abincin dabba, a tumɓuke har saiwa, yana biya da hannu sake. Mata suka ga kuɗin sabulu a abin da ke kwance bakin rariya. Wadda ta yi ɗan jim sai ya ce, "Me kike tsoro? Ga na bakin famfo can kore shar, da damina a yanka miki." Ba a gaya wa Gwaggo ba, don kowace ta san abin da za ta ce. Raguna suka ci, suka yi sheƙi.

Kowa ya ƙona rumbunsa, an ce, ya san inda toka ke kuɗi. Wannan karon mai ƙonawar bai sani ba. Cikin tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, famfo ya fara tari. A tuƙa a tuƙa, sai iska. Aka kira mai gyara, ya zaro bututu ya duba, ya ce wani ƙarfe ne ya karye can ƙasa, sai an aiko da shi daga nesa. Unguwa ta koma ɗiban ruwa a wata tsohuwar rijiya da ke bayan kasuwa. Kwata ta bushe ta tsattsage.

Gwaggo ta tsaya a jikin waya tana kallon ganye na sunkuyar da kai. Ta tafi gidan Mai Raguna, ta same shi yana ba dabbobi dusa.

"Ba ni mabuɗi in riƙa kai masa ruwa. Ni zan ɗauko a kaina, ban ce ka biya kowa ba."

"In ba ki mabuɗi ki shiga da 'yar wuƙarki? Na san ki, Matar Yaya. Kafin mota ta zo kin rabar."

"To kai ka kai masa."

"Dankali ai ɗan wahala ne. Kwana nawa ne a gyara famfon?"

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba, ga shi can yana mutuwa."

"Kin cika ɗaukar abu da zafi."

Ta riƙa zuwa da bokiti tana watsawa ta saman waya. Abin da ya kai bakin shinge ya kai, tsakiya ba ta samu ba, na bakin kuma tumakin unguwa suka zura baki suka ƙarasa. Gyaran famfo ya ja. Ranar da ruwa ya dawo, abin da ke cikin shingen ko wuta ba za ta yi marmarinsa ba.

A ranar ce Gwaggo ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta fita karɓar ajiya. Ta fara da gidan mai aski. Matar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya. Gida na biyu haka. Na uku haka. Ba ta zagi kowa ba. A kowane gida sai ta leƙa bakin rariya, ta ga ramin da aka tumɓuke, ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta fita. Mai Kujera ya ce tunda yake bai taɓa jin takun uwarsa ya yi nauyi irin na wannan yammacin ba. Ta zauna kusa da shi. Can ta ce, "Na tsufa a banza ke nan. Yaran da za a haifa baɗi, da me za a tare su?"

Ya ce, "Inna, kin shiga gidan Barkono?"

"Me zan je nema? Zagi?"

"Ai shi kyauta take ba da shi, kin ga ba ki yi asarar tafiya ba."

Ta je don kada a ce ta bar ƙofa. Ta tarar da Barkono na wanke-wanke.

"A'a, yau mai mabuɗi ce a gidanmu? Sai ki bi layi."

"Ajiyata na zo tambaya. In kin sayar ki faɗa mini in wuce."

"In sayar wa wa? Wancan mai warin ragunan? Ragonsa ya cinye mini sabon zane a kan igiya, na je ya ce ragon ba shi da hankali. Ko ganyen shara ba zan sayar masa ba. Zagaya baya ki gani, ni na ma manta da shi."

A bayan makewayi, inda ruwan wanka ke fita, cikin inuwar katanga, ga yaɗo nan ya bi bango, siriri, ganyensa ƙanana, amma kore. Gwaggo ta durƙusa, ta tona gindin da yatsa, ta samu wani ɗan dankali kamar babban yatsa, ta karya. Ja ne. Ta daɗe a durƙushe.

Barkono ta ce, "In kuka za ki yi ki matsa kusa da shi, kada ruwan ya tafi a banza."

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya. Ba tsoron Allah ne ya tsare irin nan ba, faɗa a kan zane ne. Amma da Gwaggo masu daɗin baki kaɗai take ba ajiya, da ba a samu ko wannan ba. Ta ba wadda ke zaginta kullum daidai da yadda ta ba kowa. Alheri danƙo ne, mai yin sa ba ya sanin inda zai maƙale.

Lokacin da ya rage kafin ruwa ya sauka kaɗan ne, irin kuma bai cika hannu biyu ba. Su biyun nan, da ba su taɓa haɗa hanya ba, suka yanka shi gajere-gajere, gaɓa uku-uku, suka dasa a tsofaffin robobi da fasassun tukwane a tsakar gidan Barkono, suka yi masa rumfa da buhu. Famfon da aka gyara bai daɗe ba ya sake tsayawa, saboda haka daga rijiyar bayan kasuwa suka riƙa ɗauko ruwa, safe da yamma. A wannan jigilar gwiwoyin Gwaggo suka tafi, ba su dawo ba. In ya yi tsawo a sake yanka, a sake dasawa. Matan da suka sayar da nasu suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da bokitin ruwa a ka, a zuba a juya. Gwaggo ba ta tayar da maganar ba. Barkono kuwa ta tayar, kullum, da suna.

Da damina ta kankama aka yi rabo. Wadda a da take samun damƙi, bana 'yan sanduna ta samu da ba su kai yatsun hannu biyu ba. An dasa a makare, an haƙa kaɗan, manya ba su ɗanɗana ba, yara aka bar wa. Amma irin bai fita daga unguwa ba. Shekarar da ta biyo baya ya koma kowane gida.

Motar masu gona ta zo a kan alkawari. Aka buɗe musu sabon kwaɗo, suka tarar da karmami. Mai Raguna ya riga ya huɗe gonarsa ya zuba taki, da nufin ya dasa nasa ya sayar da saura. Da abin ya ƙure masa sai ya aiko matar ɗansa, mai goyo, ta zo tana rarraba ido. Gwaggo ta ba ta nata kason kamar kowa, ta ce ta dasa a bayan ɗakinta don jikokin gidan, su ba su yi wa kowa laifi ba.

"Na gona kuwa, ki ce wa Baffan yara ƙafarsa ƙalau take. Ya zo da kansa, ya tsuguna inda mata ke tsugunawa, ya ji sharaɗin da kowa ke ji. Zan ba shi."

Da gaske take, ta ma ware masa. Bai zo ba. Girman kai rawanin tsiya.

Gwaggo, yau da kike shirin ajiye mabuɗi, unguwa na gode miki. Iyayen da suka san abin da kika yi suna godiya, yaran da ba su sani ba kuma gudunsu da almuru ya isa godiya. Ba ki da lambar yabo, ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, hotonki ba ya jikin bangon kowane ofis. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa abin da kika tare wa 'ya'yan mutane ya tare miki a inda ba wanda ke tare wa wani. Kai ma Mai Kujera, an gode da aron uwa.

Ku kuma masu karatu, ba a ce kowa ya zama mai famfo ba. Amma kowane gida na da rariya, kowace rariya na zubar da ruwa. Wanda aka ba irin abinci mai gina yara, dankali ne, masara ce ko rogo, ya sani amana ce ta ratsa hannunsa za ta wuce. Ya raya, ya ba maƙwabci, har wanda ba sa ga maciji. Ya dafa wa yaro ya sa ɗan mai, ya kuma kai shi ɗigo in lokaci ya yi. In an zo sayen irin da ke bayan ɗakinka da farashin da ya fi hankali, ka tambayi kanka me mai sayen ya gani.

Saura a faɗi abin da mai babakere ya kwashe, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Gonarsa da ya huɗe ya zuba wa taki ta shekara tana noman ciyawa. Masu gona sun karɓe abin da suka ba shi na kafin alƙalami, kuma don ya mayar sai da ya sayar da ragunan nan da suka ci yaɗon mutane, tun ba su kai lokacin kasuwa ba. Wayar da turakun sun yi tsatsa a kewaye da busasshiyar ƙasa, don jama'a sun juya kwatar famfo ta ɗaya gefen, inda ba na ubansa ba. An cire shi daga cikin dattawan da ke kula da famfon. Jikokinsa na cin jan dankali a tsakar gidansa, daga irin da bai da ikon taɓawa, shi kuma in ya so ɗanɗanawa sai ya aika kasuwa.